Wuƙar Shiga Daji

 

Yau a kan wuƙa za mu tattauna, wuƙar da mafarauci ke ɗaurawa a ƙugu in zai shiga daji. Na san wani zai ce, mu da ke tsakiyar Ankara ta Gana, inda kwalta da siminti suka cinye ko'ina, ina ruwanmu da farauta? To, zango bai taɓa rasa mafarauta ba. Akwai direbobi da masu gadi da 'yan kasuwa waɗanda da rani ya kama sai su nufi gida, Salaga ko Yendi ko Bawku ko Wa, su bi 'yan'uwa daji. Akwai masu gona a Afram Plains da wajen Dodowa waɗanda gyazbi, wato akrantie, ke yi wa ɓarna a masara da rogo. Ban da haka ma, aikin wuƙar daji uku ne: yanka, fiɗa, da rarraba nama. Duk magidancin da ya taɓa kayar da rago ranar Babbar Sallah ya san ukun nan. Kun ga kenan maganar ta shiga kusan kowane gida.

Ka zaga Kasuwar Malam Atta, ko ka leƙa ta Nima ranar Laraba, za ka ga wuƙaƙe iri-iri a kan tebura. Wadda ta fi ɗaukar idon samari ita ce doguwar nan mai walƙiya, bayanta da haƙoran zarto, mariƙinta bututu mai murfi, wani lokaci har da ɗan kamfas a gindi. Daga fim wannan siffa ta yaɗu. Tun da aka nuna fim ɗin Rambo na farko a 1982 masana'antu ke ta buga kwaikwayonta, kuma mafi yawan abin da ke isowa kasuwanninmu na araha ne. Aibinta yana daidai inda ido ba ya kaiwa. Tunda mariƙin rami ne, ƙarfen bai ratsa shi ba. Ɗan noti ne ko ɗigon walda ya haɗa ruwan wuƙar da mariƙin. Ranar da ka cusa ta a gaɓar cinyar dabba ka murɗa, a nan za ta rabu biyu, kuma sau da yawa hannunka ne zai biya. Haƙoran bayan nan kuwa, in wuƙar ta shiga cikin dabba, su ne ke kama hanji su yaga, ƙazanta ta ɓata nama. Ni dai ban ga abin da mafarauci zai yi da ita ba.

In kana son ganin wuƙar aiki, wuce teburan nan ka shiga wajen mahauta. Fawa a Ankara sana'ar mutanen zango ce tun kaka da kakanni. Ita kanta Nima, wani dillalin shanu ne, Malam Amadu Futa, ya fara kafa ta a farkon shekarun 1930, kuma har yau shanun da ake saukewa a Tulaku ta Ashaiman, akasarinsu ta hannun 'yan zango suke bi kafin su kai tukunya. Abin da mafarauci ke yi jefi-jefi, mahauci kullum safiya yake yinsa. Tsaya gefe ka kalli kayan aikinsa. Babu ado ko kaɗan. Wuƙar ta yi baƙi-baƙi, wasawa ta cinye cikinta har ta rame, mariƙin katako ne da ya sha hannu, wani ma an naɗe shi da robar tayar keke. Zai ɗauke ta, ya goga ta a ƙarfen wasawa gaba da baya, sannan ya ɗora bakinta a karkace kan farcen babban yatsa. In ta kama farcen ta tsaya, ta yi. In ta zame, ya koma dutse. Ka ƙara lura: ba ya sara ƙashi da ita. Da an zo ƙashi sai ya ajiye ta ya jawo adda ko gatari. Mai neman wuƙa ɗaya da za ta sare reshe, ta fasa ƙashi, ta tona rami, sannan ta dawo ta yi fiɗa, ba zai samu ba ko nawa ya riƙe. Sara aikin adda ne, kuma addar kirki ba ta da wuyar samu a ƙasar nan. Mai tambarin kada da manoman koko suka sani, a Tema ake yinta. Rataya adda saboda hanya da ƙashi, ka bar wuƙa ga nama.

Bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. A wurin Musulmi, wuƙar mafarauci ita ce ke raba halal da mushe. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda littattafansu muka tashi muna ji a zaurukan zango, sun bayyana cewa in ka ambaci sunan Allah ka harbi dabbar daji, ka bi ta ba jinkiri, ka iske harbin ya riga ya kashe ta, ana ci. Amma in ka iske ta da ranta, harbin bai kai makasa ba, to dole ka yanka. A cikin Muhtasar na Shehu Halil har an kawo mas'alar wanda ya bar wuƙarsa a cikin jakar kaya, ko a hannun abokin tafiya, ya tsaya lalube ko jira har dabbar ta mutu. Wannan nama ba a cinsa, domin sakacin daga mafaraucin ne. Ku dubi yadda malaman nan suka san daji! Ingancin wuƙa bai wadatar ba, sai an haɗa da inda take a jikinka. Dabarar mutanen da, daga ƙasar Hausa har Agadas, ta ɗaura 'yar wuƙa a damtse ko a ƙugu inda hannu zai kai gare ta ko cikin duhu, ta yi daidai da wannan hukunci.

Shi kansa yankan, a mazhabarmu, yanke maƙogwaro ne da jijiyoyin wuya biyu, daga gaba, ba tare da ɗage hannu ba sai an gama. Ka yi tunanin gada ko mazo yana shure-shure, kai kaɗai ne, gwiwarka a kan kafaɗarsa, ga wuƙa dakusasshiya a hannunka. Za ka yi ta gurzawa, ka ɗaga, ka sake. Dabba ta sha azaba, kai kuma ka koma gida da nama a kafaɗa da shakka a zuciya. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda yaranmu ke haddacewa a Arba'una ta Nawawi, na 17, umarni ne da a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Ina ganin duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi wuƙa, ya kamata wannan hadisi ya riga shi isa kasuwa.

To, wane ƙarfe? Kusan duk wuƙar da za ka taɓa ɗayan biyu ce: ko baƙin ƙarfe mai yin tsatsa, ko farin nan da ba ya tsatsa. Abin da ke ba ƙarfe tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma wuƙar kirki tana son daga kashi 0.6 zuwa 1 cikin 100. Wanda ba ya tsatsa an ƙara masa kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. A birnin Shefil na Ingila wani mai suna Harry Brearley ya fito da shi a 1913. Akwai nagari ƙwarai a cikinsa, sai dai nagarin da tsada, mai arahar da ya cika kasuwa kuwa laushi gare shi. Ka wasa shi da safe, kafin ka gama fiɗar akuya guda bakin ya kwanta. Baƙin ƙarfe yana karɓar kaifi da wuri a kan kusan kowane dutse, yana kuma riƙewa. Aibinsa tsatsa, ga shi mu nan a bakin teku muke, iskarmu da gishiri da laima. Duk da haka shi nake zaɓa wa mai shiga daji, domin tsatsa tsumma da ɗan man kaɗanya ke maganinta, laushin ƙarfe kuwa ba ka da yadda za ka yi da shi a tsakiyar daji.

A nan ne maƙeranmu ke da abin cewa, kuma ina jin takaicin yadda muka juya musu baya. Maƙerin baƙi na ƙwarai, a Tamale yake ko a Kumasi ko a bayan wani gareji a nan Ankara, da tsohon sifirin mota yake ƙera wuƙa, irin wanda ake tsinta a Kokompe da Abossey Okai da Suame Magazine. Ƙarfen sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, kuma tun asali an yi shi ne don ya ɗauki nauyi ya lanƙwasa ya dawo, saboda haka wuƙarsa ba ta saurin karyewa. Wani maƙerin da tsohon magagari yake yi, wanda ya fi tauri amma ya fi son a lallaɓa shi. Wanda za ka guje wa shi ne mai ƙira da rodin gini, don rodi ba ya ɗaukar taurin da baki ke buƙata.

Dukan ƙarfe a kan uwar maƙera rabin aiki ne. Ragowar yana cikin 'yan mintocin ƙarshe. Maƙeri zai mayar da wuƙar cikin gawayi, yaro yana ta zuga, har ta yi jawur, zafin ya kai wajen digiri 800. Wasu sukan kara mata maganaɗisu, in ya daina kamawa sun san ta kusa. Sai ya zaro ta da awartaki ya tsoma a mai ko a ruwa, ta yi cuuu, hayaƙi ya turnuƙe. A wannan gaɓar taurinta ya wuce kima, in ta faɗi ƙasa ma tana iya tsagewa. Sai ya goge ta ta yi fari, ya sake ɗumama ta sannu a hankali, idonsa a kan launin da ke tafiya a jikin ƙarfen. Da ya kai launin busasshen kara, sai ya tsayar. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawa ta biyu, bakin wuƙarsa zai riƙa ɓantarewa. Wanda ya zarce har ta yi shuɗi, ya mayar da ita laushi. Saboda haka in za ka sayi ta maƙeri, tambaye shi kai tsaye: Baba, da wane ƙarfe aka yi ta, kuma a me aka tsoma ta? Mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗi ma yake ji ya samu wanda ya san wahalar da ya sha.

Na kanti ma akwai na kirki. Okapi mai naɗewa da ɗan zobe a baya, wadda iyayenmu suka sani, a Solingen ta Jamus aka fara yinta a 1902, daga 1988 ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu. Opinel ta Faransa, Mora ta Suwidin, Tramontina ta Burazil, duka sunaye ne da suka daɗe. Sai dai jabu ya yi yawa, don haka kada tambari ya hana ka dubawa. Sannan wuƙa mai naɗewa ta aljihu ce: ta fere rake, ta yanke igiya, ta yanka zabo ko zomo. In babbar dabba ce, jini da kitse da gashi suna shigewa mahaɗinta, wankewa ta yi wuya, kuma ranar da makullin ya saki, a kan yatsunka za ta rufe. Ta daji ita ce mai tsayayyen ƙarfe.

Samari suna son doguwa, amma ruwan wuƙa mai tsawon santimita 10 zuwa 13, kimanin faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, ya isa fiɗa. In kana son ta haɗa maka da yankan rago, kai ta 15. Kaurin bayanta milimita 3 ko 4 ya wadatar. Baki ɗaya ake so. Mai baki biyu makami ce, ba ta da inda za ka ɗora yatsa ka danna. Ta zama mai ciki, wato bakin ya ɗan kewayo wajen tsini, don da wannan cikin ake raba fata da nama. Tsinin kuma kada ya ɗaga sama, gara ya ɗan sunkuya. Dalili kuwa, sa'ad da za ka tsaga ciki juya wuƙar kake yi, kaifi yana kallon sama, yatsu biyu suna ɗaga fata. A wannan kwanciyar, tsini mai ɗagawa ƙasa yake kallo, shi ne ke huda tumbi. Fatar ma ai dukiya ce, kuma majemi ba ya sayen wadda wuƙa ta farfasa da daraja.

Sai mariƙi. Ƙarfen ya ratsa shi har ƙarshe: ko ka ga layin ƙarfe tsakanin katako biyu da ƙusoshi biyu ko uku, ko ka ga wutsiyarsa ta fito a gindi an danƙare ta. Riƙe ta ka girgiza kusa da kunne, in ka ji wani abu yana motsi, ajiye. Mariƙin ya cika tafinka, kada ya zama mai sheƙi da santsi, don hannun mai fiɗa jiƙe yake da jini da maiƙo. A kuma samu ɗan tudu tsakanin mariƙi da kaifi da zai tare yatsa. Kada a raina wannan. Yankan da mutum ke yi wa kansa yana tsakiyar fiɗa, ta nan cuta ke tsallakowa daga jinin dabba zuwa nasa. Mun ji gargaɗin da aka yi ta yi kan naman daji lokacin Ebola a 2014, mun kuma ga Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti a watan Yulin 2022. Dabbar da ka tsinta a mace, ko wadda ka ga alamar ciwo a jikinta, kada wuƙarka ta taɓa ta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Nemi izinin mai kaya, ka ɗaga wuƙar saitin ido ka bi bayanta da kallo, a miƙe take ko ta karkace. Juya bakin sama a cikin rana. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Duk inda ka ga ɗigon walƙiya, nan ya dakushe ko ya ɓantare. Ɗan danna ta a gefe kan tebur: mai kyau za ta ɗan ba da kai ta dawo daidai, marar kyau ta zauna a lanƙwashe. In ta maƙeri ce, ja magagari kaɗan a bakinta. In ya zame yana ƙara, ta sha tauri. In ya ci har ya fito da gari, ɗanyen ƙarfe ne. Mai kayan da ya hana ka dubawa, yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. Kuma babu kunya ka je wurin mahaucin da kake sayen nama a hannunsa ka ce, Sarkin Fawa, don Allah zo ka duba mini wata wuƙa.

Kube kuwa, bayan abin da muka ji daga Shehu Halil, ba na jin wani zai ɗauke shi ƙaramin abu. Fata mai kauri ake so, a ɗinke da wani tsiri a tsakani wajen da baki ke kwanciya, don kada kaifi ya yanke zaren. Ya kama wuƙar sosai: kifa shi, in ta zube bai yi ba. Ya zama da maɗauri na ɗamara. Dukawan Bolgatanga suna ɗinkin kube mai kyan gaske, amma a lura, da yawa daga wuƙaƙen da ke cikin kuben adon nan na ja da baƙi na tsaraba ne, don rataya a bango aka yi su. Sayi wuƙarka daban, ka kai wa baduku ya auna ya ɗinka mata nata.

Wasawa da dutse da ruwa ake yi, a kwantar da ƙarfen kimanin digiri 20 a kowane gefe, a ƙarasa da gogawa a bayan tsohuwar ɗamarar fata. Ka kiyayi injin wuta mai tartsatsi. In bakin ya yi shuɗi a kansa, an ƙone taurin da maƙeri ya sha wahala a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, wasa tun da dare, balle ma malamai sun hana a wasa wuƙa dabba tana kallo. Bayan aiki a wanke, a busar, a shafa man kaɗanya ko na gyaɗa, ban da baƙin mai tunda abinci take taɓawa. Da damina kada a bar ta wata da watanni a cikin kube, fata tana riƙe laima.

Saura doka. A Gana ana rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namun daji ke ɗauke da ciki ko suna shayarwa. Gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma sai da lasisi daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji. Mole da Shai Hills da sauran wuraren da aka killace, ba a farauta a cikinsu ko a wane wata ne.

A cikin gari kuma, dokar laifuffuka ta 1960, sashe na 206, ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ba. Ba mu manta da abin da ya faru tsakanin wasu gungun samari a Nima da Mamobi a watan Janairun 2022 ba, adduna tsirara tsakar rana, hotuna suka zaga ko'ina, sunan unguwar da dubban mutanen kirki ke neman halal a cikinta ya ɓaci a rana ɗaya. Har yanzu abin yana yi mini ciwo. Ƙannena samari, ina roƙonku, sai an bar gari wuƙa ke hawa ƙugu. In ka saya a Malam Atta, a naɗe maka ita a kwali, ka sa ta a ƙasan jaka, haka za ka shiga trotro, haka za ka isa tasha. A gida ma a ajiye ta sama, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ku kuma iyayenmu masu sayarwa, in yaro ɗan shekara 14 ya zo yana taya doguwar nan mai haƙora, ku tambaye shi wa ya aiko shi. In ya fara kame-kame, ku ce ya turo babansa.